Makin Aboki: Kara ko Gaskiya?

Birnin Khartum da na Omdurman suna duban juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka zama kogi ɗaya. Hausawa sun daɗe da sanin wurin. Mahajjatan da suka bi ƙasa zuwa Makka ta nan suka ratsa, da yawansu kuwa suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903 mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda ake kira da sunansa. Jikokinsu da na sauran matafiya suka yi noman auduga a Jazira, waɗansu suka yi leburanci da sana'o'i a biranen nan biyu.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF. A watan Nuwamba na shekarar aka karya gadar Shambat, wadda ta haɗa Omdurman da Khartum ta Arewa. Gidaje da kasuwanni da asibitoci da makarantu suka lalace. A watan Maris 2025 sojoji suka sake karɓar tsakiyar birnin, mutane suka soma komowa suna duba abin da ya rage na gidajensu.

Kafin a sāke gina ko da aji ɗaya, dole wani ya zauna da takarda ya ƙidaya: buhun siminti nawa, rodi nawa, jan bulo nawa, kwana nawa, kuɗi nawa. Waɗansu daga cikin masu yin wannan lissafi ɗalibai ne, ko kuwa ba su daɗe da gama karatu ba. Tambayar da nake so mu duba ta shafe su tun suna cikin aji, ga ta: idan malami ya miƙa wa ɗalibi aikin abokinsa ya ce ya duba ya ba da maki, aikin kuwa yana da kuskure, me ya wajaba a kan ɗalibin? Ya yi kara, ko ya rubuta abin da ya gani?

Aikin mai ƙididdigar gini

Bari mu fara sanin sana'ar. Mai zanen gini yakan zana yadda gidan zai kasance. Injiniya yakan tabbatar zai tsaya. Mai ƙididdigar gini shi ne yake ɗaukar zanen, ya auna kowane bango da daɓe da ginshiƙi, ya fitar da jerin kayan da za a bukata da yawansu da farashinsu. Da Larabci ana ce da wannan aiki hisabul kammiyat. A kan jerin nan ne 'yan kwangila suke faɗin kuɗinsu. Sa'ad da aka soma gini kuma, shi ne yakan je wurin ya auna abin da aka riga aka yi, ya sa hannu a takarda domin a biya ɗan kwangila daidai da aikinsa. Mai kula da aikin gini kuwa shi yake tsara ma'aikata da lokaci da kaya, don kada magina su zauna suna jiran yashi, ko a zuba kankare kafin a duba rodi. Wanda ya karanta Luka sura 14 zai tuna da misalin mai son gina hasumiya da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Aikin ke nan, sai dai yanzu ana koyonsa a jami'a.

A Khartum akwai tsofaffin makarantun da suke koyar da fannonin gini. Jami'ar Khartum ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, tana kuma da cibiyar binciken gini da hanyoyi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan ta fito daga makarantar koyon fasaha ta Khartum, ta sami matsayin jami'a a 1990. A shekarar nan ne gwamnati ta soma buɗe sababbin jami'o'i masu yawa, ɗalibai suka ƙaru ƙwarai. Bayan ɓarkewar yaƙin 2023 malamai da ɗalibai suka warwatse, jami'o'i da dama suka koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a waɗansu garuruwa da ƙasashen waje.

Ƙasar wurin ma tana da nata darasi. A ɓangarorin Khartum da Jazira akwai baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, har ta tsaga bango ta ɗaga daɓe. A watan Agusta 1988 ruwan sama mai yawa da ambaliya suka rushe dubban gidajen laka a biranen. A 2021 tsadar kaya a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, har farashin da aka rubuta a wannan wata ba ya aiki a wata mai zuwa. A irin wannan wuri kuskuren lissafi ba ya tsayawa a kan takarda.

Ɗalibi ya auna ɗalibi

Inda ɗalibai suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, ɗaya daga cikin dabarun da jami'o'in duniya suke bi ita ce a sa ɗalibai su duba aikin juna. Iri biyu ne. Na fari, kowa ya yi lissafinsa, a musanya takardu, kowa ya duba ta wani bisa ma'aunin da malami ya bayar, ya rubuta gyara da maki. Na biyu, a ba ɗalibai biyar ko shida aiki guda, kamar su fitar da ƙiyasin ginin ɗakin shan magani tun daga tushe har rufi. Idan sun gama, kowa ya faɗi yawan ƙoƙarin da kowane ɗan rukunin ya yi, sa'an nan a raba makin bisa ga haka.

Masana sun gwada ko makin ɗalibai abin dogara ne. A shekara ta 2000 Nancy Falchikov da Judy Goldfinch suka tattara bincike 48 da aka kwatanta makin ɗalibai da na malamai. Suka tarar makin yakan yi kusa da juna, musamman idan ɗaliban sun fahimci ma'aunin da kyau. Wato ɗalibi yana iya gane aiki mai kyau da marar kyau. Abin da ya rage shi ne ko zai yarda ya faɗa.

A ce ga ɗalibai biyu, abokai ne tun shekarar fari, tare suka gudu daga Omdurman, tare suke haya a wani gari. An ba su zanen daɓen rufi mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kaurin santimita 15. Kankaren da ake bukata ya zama mita murabba'i 80 sau 0.15, wato cikon mita 12. Ɗayan ya yi gaggawa ya ɗauki kaurin santimita 10, ya sami 8. Ya rage 4 ke nan. Idan kowane cikon mita yana cin wajen buhu 6 na siminti, buhu 24 sun ɓace daga lissafin, banda yashi da tsakuwa. Takardar ta faɗo hannun abokinsa. Ya ga kuskuren. Ya kuma san mai takardar ya yi aikin ne da hasken wayar hannu, mahaifinsa ya rasa shagonsa, makin nan kuma shi zai nuna ko zai wuce ko zai maimaita.

Hujjar mai kara

Kada mu yi saurin raina wanda ya ɗaga wa abokinsa ƙafa, gama yana da hujjoji masu nauyi.

Mutanen Sudan suna da wata ɗabi'a da suke kira mujamala. Ita ce ka girmama mutum, ka halarci sunansa da makokinsa, ka guji faɗa masa abin da zai kunyata shi. Mu ma muna da ita, muna ce mata kara. Ba ƙaramin abu ba ce. Ita ta sa a lokacin yaƙin nan iyalai suka karɓi baƙi a ɗakunansu, unguwanni suka kafa tukwanen abinci na kowa da kowa. Ɗalibin da aka rena a cikin wannan ɗabi'a zai ji cewa rage wa aboki maki cin amana ne.

Zai kuma ce, "Ni wane ne da zan yanke wa ɗan'uwana hukunci? Ni ma ina kuskure. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Tun muna yara aka gargaɗe mu a kan ganin aibin mutane, gargaɗin kuwa daidai ne.

Hujja ta uku ita ce, "Wannan aikin malami ne. Shi ake biya, shi ya san fannin. Don me zai ɗora mini kayansa, ya haɗa ni faɗa da wanda muke cin abinci a kwano ɗaya?"

Ta huɗu kuwa ita ce mafi sauƙin shiga zuciya: "Ai ba gini na gaske ba ne. Takarda ce kawai. Ba wanda rufi zai faɗo wa."

Wanda ba ya cikin ajin

Bari mu fara da ta ƙarshen. Gaskiya ne daɓen nan ba za a zuba shi ba. Amma ɗalibin da ya ɗauki 10 a maimakon 15 za a ba shi takardar shaida, takardar kuwa za ta gaya wa duniya cewa ya iya. Wata rana kwamitin wata makaranta a Omdurman, ko gwauruwar da 'ya'yanta suka aiko mata kuɗi daga ƙasar waje don ta gyara gida, za su dogara da lissafinsa. Siminti zai ƙare aiki bai kai ba. A nan ɗayan biyu yakan faru. Ko gini ya tsaya, ruwa da rana su ci abin da aka soma, ko kuwa magini ya ƙara yashi ya rage siminti domin abin da ke akwai ya isa. Na biyun ya fi haɗari, domin ba a ganinsa da ido sai ranar da bango ya buɗe.

Saboda haka cinikin kara ba tsakanin mutum biyu kaɗai yake ba. Akwai na uku, wanda ba ya cikin ajin, bai san sunan ko ɗayansu ba, shi ne kuwa zai biya. Kyauta takan zama kyauta idan da abinka ka yi ta. Ɗalibi yana da ikon ba abokinsa rabin abincinsa, da kuɗin motarsa, da barcin darensa. Makin da aka danƙa masa kuwa amana ne. Wanda ya yi alheri da kayan amana bai yi alheri ba, ko da zuciyarsa fara ce.

Hujjar cewa aikin malami ne ita ma ba ta tsaya ba, idan muka tuna irin sana'ar da ake koyo. Rayuwar mai ƙididdigar gini duka auna aikin mutanen da ya sani ce. Ɗan kwangilar da zai kawo masa takardar neman biya mai yiwuwa ajinsu ɗaya a jami'a. Injiniyan da ya ce an sa rodi goma sha biyu alhali goma ne, watakila surukinsa ne, ko maƙwabcinsa, ko wanda suke sujada wuri ɗaya. A ranar babu malamin da zai tsaya a tsakani. Idan jami'a ta koya wa ɗalibi auna kankare amma ba ta taɓa sa shi ya ce wa aboki "wannan bai yi ba", ta sallame shi da rabin sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba ƙara maki biyar don zumunci ba zai yi nauyi ba ranar da za a ƙara buhu hamsin.

Mu a Nijeriya mun ga ƙarshen irin wannan hanya. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu. Bayan haka jaridu suka buga wasiƙar wani kamfanin injiniyoyi wanda ya janye hannunsa daga aikin tun a 2020, domin bai yarda da yadda ake tafiyar da ginin ba. Masu wasiƙar sun rasa ciniki a ranar da suka rubuta ta. Irin ƙarfin halin nan ba a wayi gari da shi ba, koyonsa ake yi a ƙananan abubuwa.

Aiki ake aunawa

Saura hujjar "ni wane ne". A nan akwai bambanci da ya kamata mu riƙe. Hukunta mutum daban, auna aikinsa daban. Idan na ce abokina rago ne, ko ba shi da kai, ko bai cancanci zama a jami'a ba, na shiga abin da ban sani ba, gama ban ga zuciyarsa ba, ban kuma ɗauki kayan da yake ɗauke da su ba. Idan kuwa na ce zanen ya nuna santimita 15, shi ya yi lissafi da 10, ban taɓa mutuncinsa ba. Na faɗi abin da kowa zai iya ɗaukar ma'auni ya tabbatar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sanin cewa ni ma ina kuskure bai hana ni magana ba, ya dai koya mini yadda zan yi ta. Takardata ma tana hannun wani a daidai wannan lokaci. Yadda nake so ya nuna mini inda na kauce, da dalili, ba da gatse ba, haka zan yi wa wanda tasa take hannuna.

Tausayin da nake ji wa abokina kuma yana da wurin zuwa. Zan rubuta makin da aikin ya kai, in nuna layin da kuskuren yake, sa'an nan da dare in zauna da shi mu sake lissafin tare har ya kama. Idan halin da yake ciki ne ya hana shi karatu, sai in raka shi wurin malami ya faɗa, domin malami yana da ikon ƙara masa lokaci, ikon da ni ba ni da shi. Wannan hanya ta fi ƙara maki wuya, gama tana cin lokacina, tana iya jawo mini fushinsa na mako guda. Ƙarin maki ba ya cin kome daga gare ni. In mun duba da kyau, sau da yawa kanmu muke yi wa karar, muna gudun ɓacin ran da gaskiya za ta kawo.

Ɗaya gefen ramin

Amma fa ba kara ce kaɗai take karkata ma'auni ba. Akwai wanda zai rage wa wani maki domin hassada, ko ramuwa, ko don ya rage masu gasa da shi. A ƙasar da yaƙi ya raba mutane bisa yanki da ƙabila, wannan haɗari babba ne. Ɗalibin da kakanninsa suka zo daga yamma, wanda har yanzu ake ce wa danginsa Fallata, ko ɗalibar da take ita kaɗai mace a rukunin maza, suna iya samun makin da bai dace da aikinsu ba, ba kuwa wanda zai ce ya yi da gangan. Mai rage maki don ƙiyayya da mai ƙarawa don ƙauna, laifinsu iri ɗaya ne: dukansu fuska suka duba suka bar takarda.

Don haka malamin da ya ba ɗalibai wannan aiki bai sauke nasa nauyi ba. Wajibi ne ya bayyana ma'aunin filla-filla tun kafin a fara, ya gwada shi tare da ajin a kan wani tsohon aiki. Inda ya yiwu a cire sunaye daga takardu, kowace kuma mutum biyu ko uku su duba ta. Kada a karɓi maki sai da dalili a rubuce. Makin ɗalibai ya zama ƙaramin kashi na sakamako, malami ya duba duk inda ya ga tazara mai yawa, wanda yake ganin an cuce shi kuma ya sami ƙofar kai kuka. Malamin da ya watsa wa ɗalibai takardu don ya huta kawai, ya bar raunana a hannun masu baki, alhakin kuwa yana wuyansa.

Nafir

A aikin rukuni tambayar takan zo da wata fuska. Mutanen Sudan suna da al'adar nafir, wadda ita ce gayya a wurinmu: maƙwabta su taru su ɗora wa mutum ɗaki ko su girbe masa gona, ba lada sai abinci. Ɗalibai biyar da aka ba aiki guda suna iya cewa, "Mu 'yan gayya ne, ba a ƙidaya wa ɗan gayya kwandon da ya ɗauka. Kowa a ba shi maki ɗaya."

Amma wanda ya taɓa zuwa gayya ya san ba haka take ba. Kowa a ƙauye ya san wanda ya zo da sassafe da fartanyarsa, da wanda ya iso daidai lokacin sauke tukunya. Ba a rubutawa, amma ana tunawa, ranar tasa gayyar kuma zai ga sakamakon. Gayya tana rayuwa ne domin ana lura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan huɗu suna ɗagawa na biyar ya ɗora yatsa kawai, aka kuma yaba musu daidai, gobe uku ne za su ɗaga. Faɗin gaskiya a kan wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba shi yake tsare haɗin kai. Sai dai a yi adalci: a tambayi wanda bai zo ba dalilinsa tun aikin yana tafiya, a ba shi rabon da zai iya, kada a yi shiru har ranar maki sa'an nan a soke shi a ɓoye.

Abin da ya rage mana

Ya mai karatu, mai yiwuwa ba ka taɓa zuwa Khartum ba, ba ka kuma karanta ƙididdigar gini ba. Amma 'ya'yanmu suna karanta ta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran makarantu, irin wannan takarda kuma tana faɗowa hannunsu. Mu ma tana zuwa mana da wata kama: a kwamitin gini, sa'ad da ma'aji ya kawo lissafin da bai cika ba alhali kowa ya san mutumin kirki ne, a wurin aiki, sa'ad da aka ce ka rubuta shaida a kan wanda ka san bai iya ba, a gida, sa'ad da maginin da ka ɗauka ɗan ƙanwarka ne.

Amsata ga tambayar da muka fara da ita ita ce, ɗalibin ya rubuta 12 a inda abokinsa ya rubuta 8, ya ba da makin da aikin ya kai, sa'an nan ya tsaya tare da abokin har ya iya. Watakila abokin zai yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Wannan shi ne kuɗin da gaskiya take ci a cikin aji, yana da araha ƙwarai in aka gwada shi da abin da take ci bayan an zuba kankare. Yaran da za su zauna a ƙarƙashin sababbin rufin makarantun Omdurman ba za su san wanda ya duba takardar wa ba, amma a kan irin wannan duba ne rufin zai tsaya.